Fentin Mota a Gida: Yadda Aikin Yake Daga Wanki Zuwa Sheƙi

Fentin da ke jikin sabuwar mota bai cika wuce kaurin fallen takardar rubutu ɗaya ko biyu ba. A ma'auni yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Wannan 'yar fatar ita ce ke kare ƙarfen mota daga rana da ruwan sama da ƙura da kashin tsuntsu na tsawon shekaru. Duk da ƙanƙantar kaurinta, hawa-hawa aka jera ta. A masana'anta ana tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin katafaren kwarmin sinadari, a sa wutar lantarki ta manna mata shafin farko mai hana tsatsa. Daga nan sai firama, sai launi, sai kiliya, wato shafin ƙarshe mai kama da gilashi wanda ke ba da sheƙi. Ana gasa waɗannan hawa a ɗakin zafi da ke kaiwa kimanin digiri 140 a ma'aunin Salshiyas.

Mai son yi wa motarsa fenti a gida ba shi da kwarmin tsomawa, ba shi da ɗakin gashi, ba shi kuma da ɗakin feshi mai tace iska. Abin da ya rage a hannunsa shi ne lokaci da haƙuri da bin ƙa'ida, kuma su ne ke yanke hukuncin yadda motar za ta fito. Feshin kansa bai wuce aikin sa'o'i biyu ko uku ba. Kwanakin da ke gabansa na wanki da gurza da cike loɓa su ne ainihin aikin, domin fenti ba ya rufa wa jikin mota asiri. Duk kaushi da karce da kumburin da aka bari a ƙasa, sheƙi zai ƙara fito da shi fili.

Daga buroshi zuwa bindigar feshi

A farkon ƙarni na 20 ana yi wa motoci fenti ne kamar yadda ake yi wa keken doki. Ana shafawa da buroshi, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, har aikin ya ɗauki makonni. Motoci kan yi cunkoso a masana'antu suna jiran bushewa. Kamfanin Ford ya tsaya kan baƙin launi kaɗai ga motarsa Model T daga 1914 zuwa 1925, lokacin da yake neman sauri da sauƙin kashe kuɗi a layin ƙira.

Abubuwa biyu ne suka sauya sana'ar. Na farko bindigar feshi. A 1888 wani likita a birnin Toledo na jihar Ohio ta Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera 'yar na'urar fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya, sannan a 1907 ɗansa Thomas ya mayar da dabarar ta zama bindigar fesa fenti. Na biyu shi ne fentin selulos mai saurin bushewa da kamfanin DuPont ya fitar da sunan Duco, wanda General Motors ya fara amfani da shi a kan motar Oakland ta 1924. Bushewar da ke cin makonni ta koma ta sa'o'i, launuka kuma suka yawaita. Tsarin launi daban da kiliya daban, wanda kusan kowace mota ke ɗauke da shi yau, ya bazu ne a shekarun 1980.

Ire-iren fenti da zaɓin launi

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da shagunan masu haɗa fenti a sauran birane, akan samu manyan rukunai uku. Akwai selulos, wanda ake tsinka shi da tina kawai. Yana saurin bushewa, yana da sauƙin gyara idan an yi kuskure, amma ba ya jure rana, kuma sheƙinsa sai an goge shi da folish. Akwai fentin mai na roba, mai araha, wanda ke daɗewa bai bushe ba, har ƙura ta samu damar zama a kansa. Sai kuma wanda ake kira 2K, mai haɗi biyu, fenti da hadna. Shi ba tashin tina kaɗai ke busar da shi ba, sinadaran biyu ne ke haɗuwa su sandare, shi ya sa ya fi sauran ƙarfi da jure fetur da zafin rana. Shi ma kashi biyu ne: wanda launi da sheƙi ke zuwa a hawa ɗaya, da wanda ake fesa launi marar sheƙi sannan a bi shi da kiliya.

Kafin a sayi komai, ya kamata a san abin da ke jikin motar. Idan aka goga ɗan folish da farin tsumma a wani lungu, launin ya biyo tsumman, to fentin mai hawa ɗaya ne, irin wanda aka fi gani a tsofaffin motoci kamar Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Idan tsumman ya fito fes, akwai kiliya a sama. Gwaji na biyu shi ne a ɗora tsumma mai tina a ɓoyayyen wuri na ɗan lokaci. In tsohon fentin ya yi laushi ko ya yamutse, sabon fenti mai ƙarfin tina zai tayar da shi, don haka dole a kankare shi ko a rufe shi da firama mai raba tsakani.

Kowace mota tana da lambar launinta. A motocin Toyota tana kan 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Lamba 040 fari ce, 202 baƙi. Da wannan lamba mai haɗa fenti ke aiki. Sai dai motar da ta sha rana shekara goma ta riga ta dushe, saboda haka mai gyaran ƙofa ɗaya ko bamba kan cire murfin tankin mai ya kai shago a daidaita launin da ido. Ga sabon shiga, fari da sauran launuka masu haske marasa ƙyalli sun fi sauƙi. Baƙi yana nuna kowace loɓa. Ruwan azurfa da sauran masu ƙyallin ƙarfe suna yin zane-zane idan hannu bai daidaita ba. Ja da rawaya ba su cika rufe abin da ke ƙasa da wuri ba, suna cin fenti da yawa. Mota mai girman Corolla takan ci kimanin lita 2 zuwa 3 na launi kafin a tsinka, da kwatankwacin haka na kiliya. Gara a saya da ɗan rara, domin haɗi na biyu da wuya ya yi daidai da na farko. Firama da launi da kiliya da hadna da tina kuma su kasance na kamfani ɗaya. Araha ba ta ado, kuma a nan ne maganar ta fi tabbata, don kiliya mai rahusa ita ce ke yin rawaya ta ɓare a rufi da bonet bayan bazara ɗaya ko biyu.

Kayan aiki

Zuciyar aikin ita ce kwamfiresa. Bindigar feshi ta zamani mai tura iska da yawa a ƙaramin matsi tana buƙatar kusan lita 300 zuwa 400 na iska a minti ɗaya. Ƙaramar kwamfiresa mai tankin lita 24 ko 50 ba za ta iya riƙe wannan ba. Matsinta zai faɗi ana tsakiyar rufin mota, fentin ya fara fita da gudaji. Da irinta sai dai a yi aikin gaɓa-gaɓa, ƙofa yau, bonet gobe. Feshin mota sukutum yana son tanki mai lita 100 ko fiye da injin da ya kai ƙarfin doki 3. Irin wannan inji yana jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, kuma ɗaukewar wuta ana tsakar fesa kiliya na iya ɓata aikin mako guda.

Iskar da aka matse tana tara ruwa a tanki da cikin tiyo. Ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo, shi ya sa ake zubar da ruwan tanki kafin a fara, a kuma ɗaura matatar ruwa da mai kusa da bindiga. Bakin bindiga mai milimita 1.3 ko 1.4 shi ne na launi da kiliya, mai 1.7 zuwa 2.0 na firama mai kauri. Sauran kayan sun haɗa da samfefa mai lambobi daban-daban, katakon gurza mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, fila ta cike loɓa da cokalin shafa ta, tef ɗin takarda, takardar rufi da leda, kofin awo, matatar fenti, sinadarin cire maiƙo, da tsumma mai ɗanko na kwashe ƙura.

Akwai masu yin aikin ba tare da kwamfiresa ba. Fentin gwangwani yana yi wa madubi ko ƙaramin tabo, amma a faffaɗan wuri yana barin layi-layi. A Amurka wasu masu tsofaffin motoci kan tsinka fentin mai su shafa da abin mirginawa na soso, hawa shida ko fiye, suna gogewa da samfefa tsakanin hawa. Hanyar tana rufe ƙarfe ta hana tsatsa, sai dai tana cin kwanaki, kuma ƙarfinta bai kai na 2K ba.

Wuri da lokaci

Fenti ya fi son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 25, iska a kwance, babu ƙura, babu laima. A ƙasar Hausa samun waɗannan a rana ɗaya sai an yi lissafi. Da hunturu hazo da ƙura suna sauka a kan ɗanyen fenti ko da an rufe ƙofa. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tina kan tashi tun kafin fenti ya isa jikin mota, sai ya sauka a bushe kamar yashi. Da damina, musamman cikin Agusta, laima kan sa selulos ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, firama kuma ta ƙi bushewa. Tsakanin ɗaukewar ruwa da shigowar hazo, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, shi ne lokacin da ya fi dacewa, ko da yake ƙwari suna da yawa a kaka, kuma fitila tana jawo su. A kowane yanayi safiya ta fi, bayan raɓa ta bushe, kafin iska da rana su tashi. Masu sayar da fenti suna da hadna da tina masu saurin kamawa, da matsakaita, da masu jinkiri. A zafin arewa masu jinkirin ne suka dace.

Ba a yin feshi a tsakiyar rana, ba a kuma yi a ƙarƙashin bishiya, don ganye da ƙaro da tsuntsaye. Rumfa ko gareji mai buɗaɗɗen gefe ake so, a share shi tun jiya, a kewaye da leda ko tamfol, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin farawa domin ƙura ta kwanta. Hayaƙin feshi yana tafiya nesa. Yakan sauka a kan shanyar maƙwabta da gilashin motocinsu da abincin da aka bari a buɗe, don haka tsakar gida mai cike da yara da kaji da awaki ba wurin wannan aiki ba ne.

Lafiya da hatsarin wuta

Hadnar fentin 2K tana ɗauke da sinadarin aisosayanet. Hanci ba ya jin sa a adadin da yake cutarwa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta dalilin sana'a. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta sanya masu feshin mota a sahun gaba na masu kamuwa da ita, kuma abin da take umarni da shi shi ne takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo daga waje. Takunkumin ƙyalle ko rawani ko hankici ba sa tare komai sai gudajin ƙura. Takunkumi mai gwangwanin gawayi ya fi su nesa, amma gwangwanin yana cika ba tare da mai shi ya sani ba, dole a sa sabo. Alamomin cutar sukan zo da dare, sa'o'i bayan an gama aiki: tari, shaƙewar ƙirji, numfashi mai fito. Wanda jikinsa ya riga ya kamu, ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya zai tayar masa. Shan madara bayan feshi, al'adar da ta yaɗu a garejoji, ba ya wanke huhu. Wanda ba shi da ingantaccen takunkumi, ko yake da ciwon ƙirji, zai iya yin duk aikin shiri a gida ya kai motar ɗakin feshi a ƙarasa masa.

Ana kuma buƙatar tabarau, da safar hannu ta roba, da riga mai dogon hannu. Ba a wanke hannu da tina, domin tana shiga ta fata. Ƙurar tsohon fenti ma abar gudu ce, tunda wasu tsofaffin launuka, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da dalma. Tururin tina ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da murhu ko risho ko tartsatsin janareta. Saboda haka ana ajiye janareta da kwamfiresa a waje, a hana shan taba, a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa.

Shirya jikin mota

Aiki yana farawa da wanki da omo da ruwa mai yawa, har cikin lungunan ƙofa da ƙarƙashin madigadi. Bayan ta bushe sai a bi ta da sinadarin cire maiƙo, tsumma ɗaya na shafawa, ɗaya na gogewa kafin ya bushe. Wannan mataki yana zuwa ne kafin samfefa, don idan aka gurza a kan tsohon folish, maiƙon zai nutse cikin karcen ya fito daga baya. Sannan a kwance duk abin da ke kwantuwa: fitilu, madubai, mariƙan ƙofa, lambar mota, tambari, da robobin gefe. Fentin da aka yi a kewayen abin da aka rufe da tef, daga bakin nan yake fara ɓarewa. Yana da kyau a zuba kusoshin kowane ɓangare a ledarsa a rubuta suna.

Idan tsohon fentin yana nan da ƙarfinsa, dushewa kawai ya yi, ba sai an kankare shi ba. Ana gurza shi da samfefa mai lamba 320 zuwa 400 har sheƙin ya mutu ko'ina. Lambar samfefa tana ƙaruwa ne da laushinta: 80 mai kaushi ce sosai, 2000 kamar takarda take. Inda kiliya ta ɓare, abin da ya zama ruwan dare a rufin motocin Kwatano, sai an cinye ta duka har bakin inda take da lafiya, a kuma kwantar da bakin yadda yatsa ba zai ji tudu ba. Inda fenti ya tsattsage ko ya kumbura, sai an kai ga ƙarfe.

Tsatsa ba ta mutuwa don an rufe ta. Ta sama ana cinye ta da samfefa mai lamba 80 ko buroshin waya har ƙarfe ya yi fari, ramukan da suka rage a shafa musu maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik. Inda ta huda, maganinsa a yanke a yi waldar sabon ƙarfe. Cusa takarda ko raga a rami a lulluɓe da fila aikin damina ɗaya ne. Loɓa kuwa ana fara bugo ta daga ciki da guduma har ta kusa daidai, domin fila ta cike ɗan abin da ya rage ce kawai, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Maganaɗisu yana tona inda aka taɓa jibga fila a baya, don ba ya kamawa a wurin.

Ana haɗa fila da hadnarta kashi 2 zuwa 3 cikin 100, a gauraya a kan faranti mai tsabta ta hanyar shafawa da ninkewa, ba kaɗawa ba, don kada iska ta shiga. Minti huɗu ko biyar take bayarwa kafin ta kama, a zafi ma ƙasa da haka, saboda haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 sai a gurza da lamba 80, a bi da 180, sannan 320, kullum da katako, ana tafiya a karkace hagu da dama. Samfefar da aka riƙe da yatsu tana barin kwari-kwari daidai sawun yatsun. Ba a sa wa fila ruwa, domin tana sha ta riƙe, ta tsatsar da ƙarfen da ke ƙasa. Tafin hannu a shimfiɗe ya fi ido gane tudu da kwari.

Firama

Ƙarfen da aka tone ba ya kwana a buɗe. Ana fesa masa firama mai kama ƙarfe, irin ta efoksi, sannan a bi wuraren gyara da firama mai kauri hawa biyu ko uku, da hutun minti 10 tsakani. Bamba ta roba, wadda akan ga alamar PP a bayanta, tana da nata sinadarin da ke sa fenti ya kama, in babu shi fentin zai saɓule kamar fatar maciji.

Da firama ta bushe sai a yi mata ɗan yayyafin baƙin fenti sama-sama, a gurza da katako da lamba 400. Inda baƙin ya tafi, wurin ya daidaita. Inda ya maƙale, akwai kwari ko rami. Inda ƙarfe ya leƙo, akwai tudu. Akan maimaita wannan zagaye sau biyu ko uku, kuma a nan ne mafi yawan sababbin shiga ke gajiya su ce ya isa. Gurzar ƙarshe kafin launi da lamba 500 zuwa 600 ake yi, ko 800 da ruwa idan launin mai ƙyallin ƙarfe ne.

Rufi da haɗi da feshi

Ana rufe gilasai da tayoyi da duk abin da ba a so fenti ya taɓa. Jarida ce aka saba amfani da ita, amma tina tana ratsa ta, kuma tana zubar da gashin takarda. Takarda mai kauri ta fi. Bayan rufi sai a hure lunguna da iska, a sake shafa sinadarin cire maiƙo, a bi da tsumma mai ɗanko. Daga nan hannu ba ya sake taɓa jikin motar.

Ma'aunin haɗi yana rubuce a jikin gwangwani ko takardar bayanin kamfani. Kiliya da yawa kashi 2 ne da hadna kashi 1, firama mai kauri sau da yawa 4 da 1. Da kofin awo ake aunawa. Ƙarin hadna ba ya ƙara ƙarfi, yana sa fenti tsagewa, ƙarancinta kuma yana barin sa da laushi. Da zarar hadna ta shiga, lokaci ya fara tafiya, haɗin zai sandare a cikin bindiga idan aka yi jinkiri. Kowane haɗi sai an tace shi.

Matsin iska a gindin bindiga yakan kasance kusan 2 a ma'aunin bar, gwargwadon umarnin maƙeranta. Ana gwadawa a kan kwali har feshin ya fito da siffar doguwar ƙwai mai cika ko'ina. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, ya samu tsohuwar ƙofa daga 'yan gwangwan ya ƙarar da rabin lita a kanta. Ƙa'idar riƙo ita ce tazarar santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi guda, bakin bindiga yana kallon ƙarfe kai tsaye. Kafaɗa da ƙafa ne ke tafiya, wuyan hannu a tsaye, domin lanƙwasa shi yana tara fenti a tsakiya ya bar gefe da ƙishi. Hannu yana fara motsi kafin a danna kunama, a sake ta bayan an wuce bakin gaɓar. Kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi.

Ana fara da bakin ƙofofi da lunguna, sannan rufi, sannan a gangaro ana zagaya motar ba tare da barin bakin feshi ya bushe ba. Hawan farko na launi siriri ne, ba a neman ya rufe. Ana jira minti 10 zuwa 15 har ya daina ƙyalli, a yi na biyu, a yi na uku idan firama tana leƙowa. Kiliya tana biyo baya cikin lokacin da kamfani ya ƙayyade, galibi bayan minti 15 zuwa 30. Hawa biyu ake yi, na farko matsakaici, na biyu a jiƙe, ana kallon hasken fitila a jikin ƙarfe don a ga yadda take kwanciya. Ana cire tef ɗin bakin gilashi idan fenti ya fara kamawa amma bai sandare ba, a wanke bindiga nan take.

Kurakuran da aka fi gani

Idan fenti ya yi hawaye, an matso da bindiga kusa ne, ko hannu ya yi nawa, ko ba a ba hawan ƙasa hutu ba. Ba a taɓa shi yana ɗanye. Ana barin sa ya sandare, a aske tudun da samfefa mai laushi a kan ɗan katako. Idan fuskar ta fito da gurji-gurji kamar ɓawon lemo, haɗin ya yi kauri, ko iska ta yi kaɗan, ko tina ta yi saurin tashi. Kaushi kamar yashi alamar nisa ne da zafi. Ƙananan ramuka masu kama da idon kifi kuwa maiƙo ne, daga folish ko man kwamfiresa ko feshin goge dashbod da aka yi kusa. Ƙuraje masu kama da kan allura suna fitowa idan aka jibga hawa mai kauri, sama ta rufe, tina ta rasa hanyar fita. Ƙwaron da ya faɗa ana ɗauke shi da tsinke a bar sawun sai an zo gogewa.

Gogewa da kulawa

Fentin 2K yana daina kama ƙura cikin kusan sa'a guda, yana taɓuwa washegari, amma sandarewarsa ta ƙarshe tana ɗaukar makonni idan ba a gasa shi ba. Bayan kwana biyu ko fiye ana iya goge ƙura da ɓawon lemo da samfefa mai lamba 1500 da ruwa, a bi da 2000, sannan 3000 idan akwai, har fuskar ta zama dishi-dishi bai ɗaya. Sai man gogewa da injin folish a ƙaramin gudu su dawo da sheƙin. Kusurwoyi da layukan jiki su ne wurin hattara, don fenti ya fi siranta a nan, inji kuma yana cinye shi cikin ƙiftawar ido. A watan farko wanki da ruwa da soso mai laushi kawai ake yi, ba a rufe motar da tamfol, ba a kuma shafa mata kakin folish sai bayan wata ɗaya zuwa uku. Ragowar tina da fenti ba a zuba su a kwata ko kusa da rijiya. Ana barin ragowar fentin ya sandare a gwangwaninsa kafin a zubar.

Sauya launi da takardu

Launin mota yana rubuce a takardunta. Wanda ya mayar da ita launinta na asali ba shi da wani abin yi. Wanda ya sauya, a Najeriya, dole ya sanar da ofishin lasisi a gyara takardun, in ba haka ba kowane shingen bincike zai iya ɗaukar motar a matsayin abar zargi. Kamfanin inshora ma yana buƙatar sani. Akwai doka tun zamanin mulkin soja da ta hana farar hula yi wa mota koren launin sojoji. Wasu launukan kuma an san su da motocin haya, kamar rawaya mai baƙin layi ta bas-bas ɗin Legas, da koren tasi na Abuja, da rawayar A Daidaita Sahu a Kano, don haka mai motar gida yakan kauce musu. Sauya launi yana kuma ninka aikin kansa, domin sai an bi bakin ƙofofi da cikin but da ƙarƙashin bonet, wuraren da tsohon launi ke leƙowa duk lokacin da aka buɗe motar.